DOKAR KWANA UKU

Shafi na 19

Masu turo min "ina ci gaba" tun da sassafe, na gan ku. Ke kuma da kika ce in ban saki shafin nan yau ba za ki fita daga gurup, zauna, ga shi nan. Amma ki nemi hankici kusa, ni dai na faɗa.

*

Ƙarfe uku da minti goma.

Yaya ta sake duba agogon da ke ƙasan allon kwamfuta, kamar in ta yawaita kallonsa zai ji kunya ya tsaya. Injin fotokofi ya gama fitar da takardun wani malami tun ɗazu, suna nan a tire ba ta ko kwashe ba. Idonta na kan jan rubutun da aka maƙala a saman Rumfa.

"SABUWAR DOKA. Ɗaya, an soke jiran kwana uku, kowa ya yi maganar sabon kashi duk sanda ya ga dama. Biyu, saboda akawun na bogi da suka shiga zaɓe, kowa zai turo muryarsa kafin ƙarfe huɗu na yau. Wanda bai turo ba za a cire shi, shi da duk abin da ya taɓa sakawa."

Rumfa dai dandali ne na masu kallon anime, wato katun ɗin Japan, mutum ɗari tara da 'yan kai. Ƙaninta ne ya kafa shi shekara shida da suka wuce, a kan wannan kwamfutar ta shagonsu. A gida Auta ake ce masa, a Rumfa kuwa Kunkuru. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma ko mutum ɗaya a Rumfa bai sani ba.

Saƙon murya ɗari uku da ashirin da shida ya bari a ciki. Sharhin kowane mako, da dariyarsa, da tarin nan nasa da yake cewa "ku yi haƙuri, jama'a" bayan ya yi. Wayarsa a kulle take, mai gyara ya ce ba ya iya buɗe ta sai ya goge komai. Rumfa kuma shi da kansa ya rufe ta yadda ba mai iya sauke ko kalma. Muryar Auta a duniyar nan, in ba a akawun ɗin nan ba, babu ita.

Ta gwada kara wayarta a jikin sifika tana naɗa. Guda arba'in ta samu, su ma rabi ƙarar fanka ce da hon ɗin motocin titi.

"Salamu alaikum."

Yaya ta ɗago. Budurwa ce a bakin ƙofa, doguwa siririya, jakar baya a kafaɗa, takalminta duk alamar tafiya. A hannunta akwai tsohon ambulan mai ɗauke da hatimin shagon.

"Wa alaikumus salam. Fotokofi ne ko bugu?"

"Ba ko ɗaya, Anti. Kunkuru nake nema."

Kafin Yaya ta ankara, biron da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Wa?"

"Kunkuru. Daga shagon nan ya taɓa aiko min da sitika, ga adireshin a jiki. Awa huɗu na yi a mota. Ki ce masa Balbela ce."

Balbela! Admin ta biyu a Rumfa. Wadda sunanta ke saman akwatin saƙon Auta, da 'yar alamar zuciya da ya saka mata a gefe. Yaya ta san rubutunta kamar yunwar cikinta, amma fuskar yau ta fara gani.

"Ba ya nan," in ji Yaya.

"Zan jira."

"Zai daɗe."

"Wata bakwai na yi ina jira, Anti. Awa ɗaya ba za ta kashe ni ba."

Ta ja kujerar roba ta zauna ba tare da an ce mata bismillah ba. Daga inda take zaune allon kwamfutar na kallonta sosai. Yaya ta kai hannu za ta juya shi, amma ina, an riga an gani.

"Tsaya." Balbela ta miƙe a hankali. "Wannan ai akawun ɗinsa ne."

Yaya ta janye hannunta daga allon.

"A buɗe. A gabanki." Balbela ta matso kusa da tebur. "Ke ce matarsa?"

"Subhanallahi! Yayarsa ce ni. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To me kike yi a ciki?"

"Zauna, ƙanwata."

"Ba zan zauna ba! Na san ba shi ba ne, wallahi tun daren jiya ban runtsa ba, tun makon jiya ma na sani. Kunkuru ya karya dokar kwana uku? Kunkuru? Mutumin da ya taɓa dakatar da ni, ni da nake admin, don na saka hoton jarumi yana kuka kwana biyu da fitar kashi? Shi ne zai shigo minti ashirin da sakin kashi na ɗari da sha biyu ya rubuta 'wayyo, malamin ya mutu'?"

Yaya ta runtse ido.

Ita ce ta rubuta. Da can ko kallon zanen nan ba ta yi, tsokanar Auta ma take, ƙato da kai kana kuka a kan katun. Bayan ya rasu ne ta fara bin shirin don ta san abin da za ta riƙa cewa da sunansa. Tun tana kallo dole har abin ya shiga ranta. Ranar da tsohon malamin jarumin ya mutu a gadon jinya, ɗalibinsa na riƙe da hannunsa, sai ta ga ɗakin asibitin Auta ƙiri-ƙiri. Ta yi kuka har ta shiɗe, hannunta ya rubuta abin da ya rubuta, ta manta da wata doka.

Wannan layi ɗaya shi ya tsaga Rumfa gida biyu. 'Yan sauri, ƙarƙashin wani admin da ake kira Kwamanda, suka ce tun da mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, doka ta mutu. 'Yan jira suka ce ba ta mutu ba. Aka yi zage-zage, mutanen da suka shekara biyar suna raha tare suka toshe juna, sama da ɗari suka fice. Aka yi zaɓe, 'yan sauri suka cinye.

"Ni na rubuta," Yaya ta ce. "Kuskure ne."

"Kuskure? Kin san abin da kuskurenki ya ja? Ina shi? Me ya sa ya ba ki akawun ɗinsa? In ya gaji da mu ne ai sai ya faɗa. In ya gaji da ni ne..."

Ta kasa ƙarasawa.

Yaya ta zagayo daga bayan tebur. Wata bakwai tana gudun jimlar nan, ta guje ta a rubuce, yau ga ta za ta faɗe ta da baki.

"Auta ya rasu."

"Wa ye Auta?"

"Kunkuru. Allah ya yi masa rasuwa. Wata bakwai ke nan."

Balbela ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"A'a. Shekaranjiya ya saka sitika."

"Ni ce."

"Ranar da na gama jarrabawa ya ce Allah ya ba da sa'a."

"Ni ce, ƙanwata."

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ba ta koma kujera ba, ƙasa ta zauna daɓas, tsakanin kwalin takardu da kwandon shara, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Innalillahi..."

Wani mutum ya leƙo da takarda a hannu zai yi fotokofi. Da ya ga abin da ke faruwa sai ya ja da baya ya tafi abinsa. Yaya ta tura ƙofar gilas ta rufe.

"Me ya same shi?"

"Sikila."

"Sikila? Bai taɓa faɗa min ba."

"Ba ya faɗa wa kowa. Ya tsani a tausaya masa. In ciwon ya tashi, kwana uku yake yi a asibiti, wani lokaci huɗu, ko waya ba ya iya riƙewa. Ya dawo ya tarar an gama ba da labarin kashin da ya yi mako yana jira." Yaya ta share hanci da gefen mayafinta. "Shi ya sa ya kafa Rumfa. Shi ya sa ya saka dokar."

"Ya ce mana don marasa data ne."

"Har da su. Amma shi ne na farko."

Nan fa kukan Balbela ya ɓalle, irin wanda ba a iya rufe shi da tafin hannu. Yaya ta tsuguna kusa da ita, ta rasa ko ta taɓa ta ko kada ta taɓa. Wallahi da a ce yarinyar nan marinta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

"Me ya sa?" Balbela ta ɗago jajayen idanu. "Me ya sa ba ki faɗa mana ba? Ko addu'a ai ma yi masa. Mutum ɗari tara, Anti! Kin hana shi addu'ar mutum ɗari tara!"

Maganar ta soki Yaya inda ba ta taɓa zato ba.

"Na zo in faɗa," ta ce. "Ranar da na sake buɗe shago na kunna kwamfuta, na tarar da shafin a buɗe yadda ya bar shi. Saƙo ya fi ɗari. Kunkuru ina ka shiga, Kunkuru ka zo ka raba mana gardama, Kunkuru mun san kana gani. A gida kowa 'marigayi' yake cewa. An naɗe katifarsa, an rabar da kayansa. Nan kaɗai ne ake masa magana kamar zai amsa. Na ɗora hannu zan rubuta ya rasu, sai na ga na rubuta 'ina nan'."

"Sai kika ci gaba."

"Na ce gobe zan faɗa. Goben ce har yau."

Balbela ta zaro wayarta, ta buɗe wani saƙo ta juya wa Yaya allon.

"Wannan fa?"

Yaya ba ta buƙatar karantawa. Wata uku da suka wuce ne. Balbela ta rubuto masa a keɓe, doguwar wasiƙa, tana ƙorafin cewa ya daina kiranta, ya daina turo murya, in ta kira wayarsa a kashe. A ƙarshe ta ce, ka faɗa min gaskiya, ka daina sona ne? Kwana biyu Yaya ta yi tana kallon tambayar kafin ta amsa da kalma uku.

Ban daina ba.

"Ke kika rubuta wannan ma?"

"Ni ce."

"Kin san sau nawa na karanta shi? Kin san da shi nake kwana da shi nake tashi?"

"Ban yi miki ƙarya ba. Wallahi tallahi bai daina ba. Ana saura kwana biyu ya rasu ya ce in ya tashi zai zo gidanku, har ya sa na guge masa sabuwar rigarsa. Ya ce, Yaya, in kin gan ta za ki ce ta fi ƙarfina. Na ce ai kowa ma ya fi ƙarfinka."

"Ki daina! Don Allah ki daina!"

Yaya ta san ta yi laifi, laifin da ba ta san da bakin da za ta nemi gafararsa ba. Amma sai idonta ya kai kan agogon allo.

Uku da minti arba'in da ɗaya.

"Ƙanwata, ki tsine min daga baya, na yarda. Amma ki taimake ni yanzu. In huɗu ta yi za su goge shi. Muryarsa duk tana ciki. Mamanmu kullum da safe sai na kunna mata ɗaya kafin ta iya karyawa. Ke admin ce, ki hana su."

Balbela ta dube ta, sai wasu sababbin hawayen suka zubo.

"Kin san wa ya kawo dokar murya?"

"Kwamanda."

"Ni ce."

"Ke?"

"Ni na kawo ta a taron admin. Na ce don akawun na bogi ne, kowa ya tafa min. Ƙarya nake. So nake in tilasta masa ya yi magana. Na ce in yana fushi da ni ne, ai ba zai bari a goge Rumfarsa ba, dole ya turo murya, ko ta minti ɗaya ce in ji." Ta buga ƙirjinta. "Ni na haƙa ramin nan da hannuna."

"To ki janye ta!"

"An riga an yi zaɓe. Kuma da aka yi sulhu bayan rikicin, 'yan sauri suka ce ba su yarda da ni ba, ni ta Kunkuru ce. Aka karɓe ikon cire mutum daga hannuna aka ba Kwamanda. Shi kaɗai ke da shi yanzu."

"Kira shi."

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, haka. Ta rubuta masa saƙo, alama ta nuna bai buɗe ba.

"Ya faɗa tun jiya," in ji Balbela. "Ya ce daga uku zuwa biyar ba zai ɗaga wayar kowa ba, ba zai buɗe saƙon kowa ba, don kada a dame shi da roƙo. Zauren Rumfa kawai yake kallo, yana sauraron muryoyi yana yi wa suna maki."

"Ki rubuta a zauren, ki ce ya rasu."

"Daga bakina? Yau kwana goma suna cewa ina kare shi. Za su ce wata dabarar ce. Sai dai daga akawun ɗinsa." Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe. "Ki yi magana, Anti. Ki faɗa musu da bakinki. Ni zan shaida."

"Za su tsine min."

"Wasu za su tsine. Ni ma ban gama da ke ba. Amma ba don ke za mu yi ba."

Uku da minti hamsin da biyu.

Yaya ta zauna a kujerar Auta. Abin sauraronsa na rataye a jikin allo, an naɗe wayar da baƙin salatif a inda ta tsage. Ta saka a kunne, ta jawo makirfon kusa da baki. Ta danna, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta goge.

Ta sake dannawa. "Salamu alaikum, 'yan Rumfa, ni..." Kuka ya ƙwace mata. Ta goge.

"Anti, saura minti biyar."

Sai ta ji hannun Balbela a kafaɗarta. Hannun sanyi ƙalau, amma bai ɗaga ba.

Ta danna karo na uku.

"Salamu alaikum. Wannan ba Kunkuru ba ne, yayarsa ce. Kunkuru ya rasu wata bakwai da suka wuce. Duk abin da kuka gani da sunansa tun daga lokacin, ni ce. Wanda ya karya dokar kwana uku ma ni ce, shi bai taɓa karya ta ba, ko sau ɗaya. Na raba ku, na yaudare ku, ku yafe min ko kada ku yafe, duk na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ku goge shi. Muryarsa ba ta ko'ina sai nan. Ku soke kowace doka kuke so, amma ku bar mana muryarsa. Kuma don Allah ku yi masa addu'a, na daɗe ina hana shi."

Ta tura. Uku da minti hamsin da takwas.

Ƙasan saƙon ya nuna mutum huɗu sun saurara. Sha ɗaya. Talatin.

Sai rubutu ya fara zubowa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"A'a don Allah, wasa ne ko?"

"Kunkurunmu??"

"Allah ya jiƙansa, shi ya koya min karanta fassara da sauri."

"Ƙarya ce, sace akawun aka yi."

Balbela na tsaye tana bugawa da yatsu biyu, hawaye na ɗiga a kan allon wayarta. "Gaskiya ne, ina shagonsu yanzu haka, na rantse da Allah." Amma saƙonta na shiga, wasu ashirin suka ture shi sama.

Sai sunan Kwamanda ya fito. Yana rubutu.

Yaya ta riƙe gefen tebur.

"Daƙiƙa uku na saurara na kashe," ya rubuta. "Muryar mace ce. Dama na faɗa muku ba shi ba ne."

"Ka saurara duka!" Yaya ta yi ihu a kan allo, kamar zai ji ta. "Ka ƙarasa ji, bawan Allah!"

Huɗu ta buga, lokacin cirewa ya yi. Balbela ta sake danna kiransa. Ƙara ɗaya. Biyu. Uku. A ta huɗu aka ɗaga. Ta saka a sifika, muryarta har ta dishe.

"Kwamanda! Don girman Allah kada ka taɓa akawun ɗin Kunkuru! Ka tsaya ka ji, rasuwa ya yi!"

Can ɓangaren ƙarar maɓallan kwamfuta ta tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Ya rasu! Kada ka taɓa!"

Da ya yi magana, muryar ba ta Kwamanda mai ba da oda ba ce, ta wani yaro ce da ya fasa abin da ba nasa ba.

"Balbela... da shi na fara."

Yaya ta juya ta kalli allon.